Yadin Bikin Wiebke

Wiesterfehn, 18 ga Afrilu, 1993

Zuwa ga Yayana Eilert,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Solveig da yara. Yaya aiki, yaya sanyin teku? Ina fata ƙafar Solveig ta warware. Mu nan lafiya lau, sai iska da ruwan saman da ka sani. Maigidana Fokko yana gaishe ka.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon in buga waya, domin ka san inda wayar gidan nan take, a bakin ƙofar ɗakin Baba, kuma kunnensa bai tsufa ba ko kaɗan.

Yaya, na gaji. Tun bayan Kirsimeti Baba ya tsiro da wani hali a marina wanda na rasa gane kansa. Yadin da muka saba tsomawa a rijiyar rini sau biyar ko shida, yanzu sai ya tsoma shi sau goma sha biyu. In na ce masa ya isa, sai ya ɗaga shi wajen taga ya ce, "Wannan ne ya isa? Ai wannan ruwan wanki ne." Ya sake mayar da shi. Abin da ke fitowa ba shuɗi ba ne, baƙi ne ƙirin. Rannan Fokko ya dawo daga ɗaukar madara ya ga shanyarmu, ya ce mu je mu ƙulla hulɗa da masu shirya jana'iza, tunda mun koma rinin kayan makoki. Shi kaɗai ya yi dariyarsa.

Da farko Baba ya ce laifin shunin ne. Buhun da aka kawo mana daga Bremen a watan Fabrairu ya sa aka mayar, haɗe da wasiƙa mai zafi wai an gauraya shi da toka. Mutumin da ya aiko shi shekara talatin yana kawo mana shuni, bai taɓa ha'intarmu ba. Ni da kaina na murza shunin a farcena, jan ƙyallin nan ya fito kamar tagulla. Da aka gama da mai shuni, laifi ya dawo kaina. Wai na cika wa rijiya dusa, wai na rage mata toka, wai ina motsa ta kamar mai juya miya. Shekarata ashirin da shida a bakin rijiyoyin nan. Da hanci kaɗai nake gane wadda ke jin yunwa da wadda ta ƙoshi, kuma shi ya koya mini. Yau ni ce ban iya ba.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne Almuth, maƙwabciyarmu ta ƙetaren gada. 'Yarta Wiebke za ta yi aure ƙarshen Agusta. Jiya Almuth ta shigo da yadin lilin turmi biyu, kowanne kamu goma sha biyar, wanda mahaifiyarta ta saƙa da hannunta a shekarar da ta haife ta. Tun lokacin yana cikin akwati. Tana so a buga masa zanen zangarniyar alkama, a rina shi shuɗi mai haske irin na shimfiɗar teburin da Baba ya rina mata a nata bikin. Ta ce, "Gesine, ba ni da wani abu na Innata sai wannan." Baba ya karɓa yana murmushi, ya ce ta kwantar da hankalinta. 

Don Allah ka kira shi. Kai yana jin maganarka, ko da yake tun kana shekara goma sha takwas rabon hannunka da shuni. Ba gori nake maka ba, haka abin yake. Ka ce masa ya bar mini wannan aikin guda ɗaya.

Ka gaida Solveig, ka shafa mini kan yara. Ka huta lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Gesine

Wiesterfehn, 13 ga Yuni, 1993

Zuwa ga Yayana Eilert,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ka sauko daga teku lafiya ka tarar da iyali lafiya. Katinka ya iso, na gode. Mu ma jikinmu lafiya.

Ka rubuta cewa ka yi magana da Baba, ya ce maka komai daidai, ni ce na cika damuwa tun ina yarinya. Ka ƙara da cewa in yi haƙuri da tsoho. To, ga abin da haƙurin ya haifar.

Na ɓoye lilin ɗin a ɗakin sama. Ni kaɗai na dama ƙullun da ke hana rini shiga zane, ni kaɗai na buga zangarniyar da katakon buga zane na Kaka, ɗaya bayan ɗaya, kwana huɗu, har wuyan hannuna ya kumbura. Na bar shi mako uku ya bushe. Ranar Juma'a, kwana tara da suka wuce, Baba ya tafi gaida wani abokinsa, sai na rataya turmin biyu a zoben ƙarfe na tsoma su sau huɗu. Yaya, da ka ga yadda ya fito daga rijiya kore shar, iska ta buge shi ya juya a gabana. Ban taɓa rina abin da ya kai shi kyau ba. Saura kawai a wanke ƙullun da ruwan tsami, farin zanen ya bayyana. Na bar shi a rataye ya tsane.

Ranar Asabar na tafi kasuwar Leer da kayanmu kamar kullum. Na dawo ƙarfe biyu na rana, na tarar da shi a bakin babbar rijiya, ya naɗe hannun riga, yana jan igiya. Turmi ɗaya yana ciki. Ya ce mini, yana ta fara'a, "Na ga kin fara aikin Almuth kin bar shi rabi. Na ƙarasa miki." Sau tara ya ƙara tsoma shi. Ƙullun ya jiƙa ya farfashe, rini ya shiga ko'ina. Da na wanke shi, zangarniyar ta zama wasu tabo-tabo masu duhu a kan baƙi. Da motar kasuwa ta yi latti da awa ɗaya, da na biyun ma ya bi shi.

Na yi masa tsawa. Ban taɓa yi ba, kuma ba na jin daɗin rubuta maka wannan. Na ce ya lalatar da abin da babu mai iya sake saƙa shi. Ya dube ni kamar wadda ta zautu, ya ce, "Yarinya, yanzu ne ya fara kama launi."

Ni na kai wa Almuth. Na so ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ta shimfiɗa shi a teburin kicin, ta dinga bin gefensa da yatsa har ta kai wani wuri da zaren ya yi kauri, ta ce a nan ne Innarta ta ce ƙafar masaƙa ta karye, aka ɗaure da igiya aka ci gaba. Daga nan ta naɗe shi, ta tambaye ni ko zan sha shayi. Na kasa zama.

Bai tsaya nan ba. Da yamma a wajen cin abinci ya sanar da mu cewa babbar rijiya ta mutu, ranar Litinin zai kwashe ta kaf ya haɗa sabuwa. Rijiyar da tun kafin a haife ni ba a taɓa ƙafar da ita gaba ɗaya ba, sai dai a ciyar da ita a ƙara ruwa. Lafiyarta lau, kumfarta tana nan shuɗiya a sama, warinta daidai. Fokko ya ce, "Baba, ko likita ba ya binne mara lafiya yana numfashi." Baba ya ce masa ya tsaya a kan madararsa.

Na sayo kwaɗo na kulle marina, makullin yana wuyana. Yau kwana takwas ba ya mini magana. In yana son gishiri sai ya ce wa Fokko, "Ce wa matarka ta miƙo." Da safe yakan je ya tsaya a ƙofar marina ya taɓa kwaɗon, ya dawo ya zauna. Ni ce na kulle ubana daga wurin da ya yi shekara sittin yana aiki, kuma in na buɗe, zai kashe rijiyar.

Makarantar garinmu tana neman mai dafa abinci daga watan Satumba. Na karɓo takardar. In haka za a ci gaba, gara in tafi in fere dankali, aƙalla shi babu mai cewa bai yi shuɗi ba.

Kada ka sake ce mini in yi haƙuri. Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Gesine

Wiesterfehn, 25 ga Yuli, 1993

Yayana Eilert,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali duka. Ina fata yara suna jin daɗin hutu. Kada hankalinka ya tashi da abin da zan faɗa, Baba yana nan da sauƙi.

Mako biyu da suka wuce ya ƙone a hannu. Da rana ne, ina lambu ina cire wake. Ya shiga kicin zai dafa wa kansa shayi, tunda ya daina shan wanda na dafa. Na bar murhun gas a kunne ƙasa-ƙasa ina jiran in ɗora tukunya, shi kuma ya miƙa hannu ta kansa zai ɗauko buta. Hannun rigarsa ya kama. Allah ya sa ya yi saurin tsoma shi a bokiti. Ƙunar daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu take, amma ba ta yi zurfi ba.

A wajen likitar garinmu, tana ɗaure masa hannu ta tambaye shi yadda aka yi bai ga wutar ba. Ya ce babu wata wuta, murhun a kashe yake. Na ce a kunne yake. Muka fara musu a gabanta kamar yara. Sai ta ajiye almakashi, ta ɗauko 'yar fitila ta haska masa ido, ta daɗe tana dubawa. Ta ce yanar ido ce, a ido biyun, ta yi kauri har ta yi ruwan ƙasa. Ta ce irin wannan yanar, launin da take fara cinyewa shi ne shuɗi. Harshen wutar gas shuɗi ne, shi ya sa bai gan shi ba. Daga nan ta tambaye shi sana'arsa. Ta san sana'arsa sarai, labulen ofishinta ma mu muka rina.

Yaya, na zauna a kujerar nan na rasa inda zan sa fuskata. Wata bakwai. Ya daina karanta jarida, ya ce ƙarya ta yi yawa a ciki. Ya daina hawa keke, ya ce gwiwa. Ya daina aske gemunsa da kyau, na ɗauka ƙiwa ce ta tsufa. Duk ina gani, amma idona yana kan yadi, ban taɓa tsayawa na dubi idonsa ba. Duk lokacin da ya ɗaga yadi wajen taga ya ce bai kama ba, gaskiyarsa yake faɗa. Abin da yake gani ke nan.

Za ka ɗauka daga nan an huta. Ina. Likita ta ce aiki ne na rabin awa, ana yi wa tsofaffi kullum. Baba ya ce babu mai sa masa wuƙa a ido. Ya ce idonsa ya rina kayan auren rabin garin nan, ba wata yarinya da fitilar wasa ce za ta ce masa bai san shuɗi ba. A mota ya ce ni na haɗa baki da ita don in ƙwace marina. Na tsayar da motar a bakin hanya na yi kuka, shi kuma yana zaune yana kallon shanu.

Kwana goma ina roƙo. Fasto ya zo, Baba ya ba shi shayi ya sallame shi. Fokko ya ce masa in an gyara idon zai ga yadda surukinsa ya ƙara kyau, Baba ya ce to wannan ma dalili ne na barin idon yadda yake.

Almuth ce ta yi abin da muka kasa. Ranar Alhamis ta zo shan shayin ƙarfe uku da jaka a hannu, karo na farko tun abin da ya faru. Ta bari har ya sha kofi na biyu. Sai ta ture kofuna gefe, ta shimfiɗa yadi biyu a gabansa: shimfiɗar teburin bikinta wadda ya rina mata shekara talatin da ɗaya da suka wuce, da kuma turmin da ya lalace. Ta ce, "Baba Hinnerk, ɗaya na bikina ne, ɗaya na Wiebke. Wanne ya fi duhu?"

Ya sunkuya. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan. Ya kai su taga. Ya dawo ya ce, "Kusan ɗaya ne. Naki ya ɗan koɗe, shekaru ne."

Ɗaya kamar sararin sama bayan ruwa, ɗaya kamar gawayi. Babu wanda ya ce komai a cikinmu. Ina jin shirun ne ya faɗa masa, domin ya dubi fuskar Almuth, ya dubi tawa, ya zauna a hankali. Almuth ta ce, "Ban zo don yadi ba, yadi ya riga ya tafi. Ina so ka ga Wiebke ranar aurenta, kai ka riƙe ta a coci ranar da aka sa mata suna."

Washegari da safe ya ce wa Fokko, "Ce wa matarka ta kira asibitin." Har yanzu ta bakin Fokko muke magana, amma na kira. An ba mu goma ga Agusta, idon dama tukuna.

Ban cika takardar makaranta ba, ban kuma yar da ita ba. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Gesine

Wiesterfehn, 5 ga Satumba, 1993

Zuwa ga Yayana Eilert,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Solveig da yara. Furannin da kuka aiko wa Baba sun iso, ya ce a gode muku, ya kuma ce kuɗin da ka kashe ya isa sayen buhun dusa biyu. Daga nan za ka gane ya warke.

An yi aikin lafiya. Washegari aka cire masa bandeji. Muna fitowa daga asibiti ya tsaya cik a bakin ƙofa yana kallon sama, har mutane suna ratse mu. Ya ce, "Yau wane irin gari ne wannan?" Na ce gari ne kamar na kullum. Duk hanya yana rufe ido ɗaya yana buɗe ɗaya. Ya ce da na hagu duniya kamar an jiƙa ta a shayi, da na dama kuma kamar an wanke ta. Ya ga alamar hanya, ya ga rigar wata mata a kan keke, ya ce ashe motar Fokko shuɗiya ce har yanzu, shi ya ɗauka an sake mata fenti.

Da muka iso gida bai shiga ɗaki ba, ya nufi marina ya tsaya a bakin ƙofa. Na ciro makulli daga wuyana na buɗe. Duk aikin da ya yi tun Kirsimeti yana jere a kan kanta, domin babu wanda ya saya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa. Ya leƙa babbar rijiya, ya daɗe yana kallon kumfarta. Na tsaya a bayansa, zuciyata ta yi laushi, na shirya in ce masa ya wuce, kada ya damu.

Ya juyo ya ce, "Wa ya bar ni na yi wannan ɓarnar?"

Yaya, ka ji fa. Wa ya bar shi.  Na fita lambu na tumɓuke wake layi guda wanda bai ma isa cira ba. Fokko ya ce in gode wa Allah, aƙalla wannan karon da ni ya yi maganar kai tsaye.

Bayan kwana biyu ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya ƙetara gada shi kaɗai zuwa gidan Almuth. Ya yi awa biyu. Bai faɗa mini abin da suka tattauna ba, ita ma ba ta faɗa ba. Na dai ga ya dawo idonsa na hagu ma ya yi ja, wanda ba a taɓa ba.

An yi bikin ranar Asabar ɗin makon jiya. Turmin da ya tsira aka shimfiɗa a teburin ango da amarya. Bai kai ƙarshen teburin ba, aka cike da farin yadi, kuma duk wanda ya san labarin ya san dalili. Wannan ba zai gyaru ba. Baƙin kuwa Almuth ta mayar da shi akwatin Innarta.

An zaunar da Baba kusa da mahaifin ango, wani manomi daga wajen Aurich wanda bai san mu ba. Ina can ina taya mata raba kek, ban ji komai ba. Fokko ne ya ba ni labari a hanyar gida. Wai Baba bai ci abincin kirki ba, sai juya gefen shimfiɗar yake yana duba bayanta. Manomin ya ce masa, "An ce kai ne marinin garin nan. Aikinka ya yi kyau." Baba ya ce, "Ba nawa ba ne, 'yata ce ta rina. Tsomi huɗu. Ni ko a lokacin da nake ganiyata sai na yi biyar kafin in sami wannan."

Ga baƙon da bai taɓa gani ba ya faɗa. Ni da nake gida ɗaya da shi, washegari abin da na samu shi ne wai na jera itacen murhu a karkace. Na ce wa Fokko ko ƙirƙira ya yi don ya faranta mini, ya rantse ya ce shi bai ma san ana ƙirga tsomi ba.

Likita ta hana shi sunkuyawa da ɗaukar nauyi har mako shida, don haka na ajiye masa kujera a bakin ƙofar marina. Yana zaune yana kallo ina aiki. Bakinsa bai mutu ba, yana da magana a kan igiya, a kan tsintsiya, a kan yadda nake tsayawa. Amma in na ɗaga yadi na ce ya isa, ba ya cewa komai. Makaranta sun ɗauki wata mai dafa abincin.

Saura idon hagu, an sa ranar goma sha biyu ga Oktoba. Ya fara cewa ido ɗaya ya ishe shi, don haka akwai sabon daru a gaba, kuma wannan karon ba ni zan yi shi ba. Ka nemi hutu tun yanzu. Ka zo da kanka, ka kwana biyu a ɗakinka na da, ka lallashe shi, ka sa shi a mota ka kai shi, ka zauna a kujerar jira. Ni a ranar ina da labulen coci kamu arba'in da zan tsoma, kuma babu mai yi sai ni.

Ka gaida Solveig da yara da kyau. Sai mun gan ka.

Ni ce ƙanwarka,
Gesine